Na Samu Lasin, Wane Babban Kuruza Zan Fara Da Shi? Tambayoyi da Amsoshi

Wanda ya ci jarrabawar tuƙin babur, ransa kuma yana kan manyan baburan nan masu gajeren sirdi da ƙugi da ake kira kuruza, yawanci tambayoyinsa ba sa wuce na waɗanda suka riga shi. Ga su nan an tattaro, daga masu sauƙi zuwa waɗanda sai an kusa biyan kuɗi suke tasowa.

Me ya bambanta kuruza da sauran manyan babura?

Zama da siffa. Sirdinsa yana ƙasa, jikinsa dogo ne, tayar gaba ta miƙe gaba, hannuwan sun lanƙwaso wajen mahayi, ƙafafu kuma suna sauka gaba da gwiwa maimakon ƙarƙashin ƙugu. Injinsa an tsara shi ya ja da ƙarfi tun yana juyawa a hankali, ba sai an kai shi ƙarshen totur ba. Salon ya fito ne daga Amurka, wajen kamfanonin Indian da aka kafa a 1901 da Harley-Davidson da aka kafa a 1903. Daga baya kamfanonin Japan suka shigo da nasu, Yamaha da Virago a 1981, Honda da Shadow a 1983, sai Kawasaki da Vulcan, Suzuki da Intruder.

Wannan siffa tana da daɗi a miƙaƙƙiyar hanya, tana kuma da abin da take karɓa daga hannunka a kwana da wajen juyawa a matsattsen wuri. Kusan duk tambayoyin da ke ƙasa daga nan suka samo tushe.

Lasin ɗina ya ba ni damar hawa kowane girma?

Ya danganta da ƙasar da ta ba ka shi, don haka ka karanta abin da ke rubuce a kansa kafin ka fara kallon babura. A ƙasashen Tarayyar Turai da Birtaniya lasin hawa-hawa ne. Mai A1 iyakarsa cc 125 da kilowat 11. Mai A2 iyakarsa kilowat 35, wato ƙarfin doki 47 ko kusa da haka. Sai cikakken A, wanda ake samu kai tsaye a shekara 24, ko bayan shekara biyu da A2. A Ostareliya sabon mahayi yana ƙarƙashin tsarin LAMS, wanda ya tsaya a cc 660 tare da iyaka kan ƙarfin inji gwargwadon nauyi. A yawancin jihohin Amurka kuwa, da zarar an ƙara maka izinin babur a lasin, babu mai hana ka hawa mafi girma.

Mai A2 yana da wata ƙofa: ana iya daƙile ƙarfin babban babur zuwa kilowat 35, muddin asalin ƙarfinsa bai wuce kilowat 70 ba. Kawasaki Vulcan S, mai kilowat 45, ya shiga wannan. Harley-Davidson Sportster S, mai kusan kilowat 90, bai shiga ba, ko me aka yi masa. In an daƙile maka, ka karɓi takardar shaida, don mai inshora zai nema.

Cc nawa ya dace da sabon hannu?

Wannan ce tambayar da kowa ke fara yi, kuma ita ce ta fi ɓatar da mutane. Cc girman cikin inji kawai yake faɗa maka, ba ya faɗa maka yadda babur zai amsa in ka murɗa totur. Honda Shadow mai cc 745 bai kai doki 50 ba, yana ba da ƙarfinsa cikin natsuwa. Yamaha R6, babur na tsere mai cc 599, ya haura doki 110, kuma kuskure kaɗan a wuyan hannu ya isa ya ɗaga maka gaba. Wanda ya dubi lamba kawai zai ɗauka R6 ne ƙarami.

A tsofaffin kuruza masu inji mai siffar V, cc 650 zuwa 950 matsakaici ne, sabon mahayi zai iya da shi. Sai dai sababbin da ruwa ke sanyaya injinsu sun ɓata wannan lissafi. Indian Scout mai cc 1133 da ya fito a 2015 doki 100 gare shi. Harley-Davidson Nightster na 2022, cc 975 kacal, yana kusa da doki 90. Waɗannan ba su da alaƙa da Shadow sai a kamanni.

Don haka lambobi biyu za ka riƙa nema a takardar bayanin babur: ƙarfin doki da nauyi. Ga mafi yawan sababbin mahaya, doki 40 zuwa 60 da nauyin da bai wuce kilo 250 ba shi ne daidai. A cikin biyun ma nauyi ya fi muhimmanci, kamar yadda amsa ta gaba ta bayyana.

Me ya sa ake ta maganar nauyi, alhali in babur yana tafiya ba a jin nauyinsa?

Gaskiya ne, da ya wuce gudun ɗan sassarfa nauyin yakan ɓace. Amma sabon mahayi ba a babbar hanya ya fi yar da babur ba. A bakin ƙofa ne, a wurin ajiye ababen hawa, a gidan mai inda ƙasa ke da santsi, a wajen juyowa baya a siririyar hanya. Babur ɗin koyo mai cc 125 yana tsakanin kilo 120 da 140. In ya karkata, ƙafa ɗaya ta isa ta dawo da shi. Harley-Davidson Fat Boy kilo 317 ne, BMW R 18 kilo 345. Irin waɗannan in suka wuce wani ma'auni na karkata, babu ƙarfin da zai tare su, sai dai ka janye ƙafarka ka bar shi ya kwanta.

Abin da ya fi jefa sababbi shi ne matse birkin gaba alhali kan babur yana lanƙwashe kuma ana tafiya a hankali. Gaba ya nutse, nauyin ya zube gefen da kan ya juya, shi ke nan. Na biyu shi ne ajiye babur gaba na kallon gangare. Yawancinsu ba su da giyar baya, kuma ja da kilo 300 baya a kan tudu da tafin ƙafa aiki ne da ba a so a yi shi a gaban jama'a.

Kuruza yana da sauƙi ɗaya: nauyinsa yana ƙasa-ƙasa, don haka kilo 230 a jikinsa ya fi daɗin riƙewa kan kilo 230 a dogon babur na shiga daji. Wannan sauƙi ne, ba izinin tsallakawa zuwa mafi nauyi ba.

Ni gajere ne. Ƙafata za ta kai ƙasa?

A kuruza kusan kowa ƙafarsa tana kaiwa. Sirdin Indian Scout santimita 65 ne daga ƙasa, na Honda Rebel 500 santimita 69, na Vulcan S kusan 70 da rabi. Matsalar gajeren mutum a wani wuri take: matakan ƙafa. Wasu kuruza matakansu suna tsakiya, wasu an tura su can gaba kusa da tayar gaba. In naka na gaba ne kuma ƙafarka gajera, za ka riƙa miƙewa kana neman birkin baya da ɗan yatsa, ƙugunka yana zamewa daga sirdi. Haka faɗin sirdi da faɗin inji suna buɗe cinya, su cinye tsawon ƙafa. Shi ya sa babura biyu masu tsayin sirdi ɗaya kan sha bamban in an hau.

Dogon mutum nasa kukan akasin haka ne. A Rebel 500 gwiwoyinsa za su tashi sama da tanki, bayan awa ɗaya ƙugu ya fara ciwo. Kawasaki ta yi wa wannan dabara a Vulcan S: matakan ƙafa suna da wuri uku da za a iya ɗaure su, akwai kuma sirdi da hannuwa masu tsawo daban-daban. Yadda ake gane wanda ya dace da jikinka yana cikin amsar da ta yi bayanin gwada babur.

To, waɗanne babura ne aka fi ba sababbi shawara a kansu?

Honda Rebel 500, wanda ya fito a 2017, shi ne aka fi ambata, kuma da dalili. Cc 471, doki 46, kilo 190 ko kusa, kulocinsa mai laushi, kuma ya faɗa cikin A2 ba tare da an taɓa shi ba. Kawasaki Eliminator mai cc 451 ya fi shi sauƙin nauyi, kilo 176. Vulcan S, cc 649, doki 61, kilo 229, injinsa ɗan gidan Ninja 650 ne, babur ɗin gudu na Kawasaki, don haka yana da zafin nama fiye da yadda siffarsa ta nuna. A ganina shi ne mafi dacewa da wanda yake tsoron ƙaramin babur zai gundure shi. Royal Enfield Super Meteor 650 na 2023 doki 47 ne, kyakkyawa, mai natsuwa a hanya, amma kilo 241 a kan wannan ƙarfi ba wasa ba ne. Ƙanensa Meteor 350, mai doki 20, yana da daɗi a cikin gari, sai dai numfashinsa kan ƙare a babbar hanya mai gudu.

Duk waɗannan ba masu injin V ba ne. Wanda kuwa ƙugin V ne ya ja shi ga kuruza tun farko, sai ya dubi Honda Shadow 750, Yamaha XVS650 da ake kira DragStar a wasu ƙasashe V Star a wasu, Yamaha XV950 ko Bolt mai cc 942, Suzuki Boulevard C50 mai cc 805, da Vulcan 900. Biyun ƙarshe sun haura kilo 270, ka sa wannan a lissafi. Yawancin waɗannan a kasuwar na hannu aka fi samunsu yanzu.

Harley nake so tun ina yaro. Ba zan iya farawa da shi ba?

Za ka iya, in ka zaɓi wanda ya dace. Sportster, wanda aka fara ƙerawa a 1957, shi ne ƙofar da yawancin mutane suka bi. Samfurinsa Iron 883 ƙarfinsa yana kusa da doki 50, ba zai firgita ka ba. Amma ka san abin da za ka saya: kilo 256 ne, nauyin nasa ya ɗan fi hawa sama idan aka kwatanta da Shadow, kulocinsa ya fi tauri, shokozobar baya kuma gajera ce ƙwarai, kowane rami sai bayanka ya ji shi. In na hannu za ka nema, daga 2004 aka ɗora injin a kan roba, jijjiga ta ragu sosai, daga 2007 kuma aka bar kafireta aka koma feshin mai na lantarki. An daina ƙera wannan tsohon Sportster mai sanyin iska a 2022.

Abin da ba zan ba sabon hannu shawara ba shi ne manyan Softail masu cc 1868 da manyan na tafiye-tafiye masu akwatuna a gefe. Akwai waɗanda suka fara da su suka tsira lafiya, suna kuma son ba da labari. Waɗanda suka sayar da nasu bayan wata uku saboda fargabar fito da shi daga gida ba su cika magana ba.

Abokaina sun ce matsakaicin babur zai gundure ni cikin wata shida. Haka ne?

Abin da kan faru cikin wata shida shi ne ka saba da saurin tashinsa, ba wai ka ƙure shi ba. Wanda ya ce ya fi ƙarfin babur mai doki 50, a tambaye shi ko zai iya juyowa baya a faɗin hanya mai layi biyu bai sauke ƙafa ba, ko zai iya tsayawa cak daga gudun kilomita 80 a jiƙaƙƙen titi. Babur mai doki 45 zuwa 60 yana riƙe gudun kowace babbar hanya da doka ta yarda da shi, yana kuma wuce mota. Ko da ya gundure ka bayan shekara ɗaya, ka sayar. Matsakaitan kuruza ba sa kwantai, don kullum akwai sabon mai lasin da ke nemansu. Asarar da ke cikin wannan ba ta kai ta gyaran tanki da salansar babban babur da ya sha ƙasa ba.

Sabo zan saya ko na hannu?

Na farko, na hannu ya fi. Akwai yiwuwar ka kwantar da shi ko sau ɗaya, kuma ƙarzuwa a babur da ya riga ya ga duniya ba ta hana barci. Kuruza kuma yana da wani alheri a kasuwar na hannu: da yawa daga masu shi sai ranar hutu suke fito da shi, don haka ana samun mai shekara goma da bai ci wata tafiya ba. Sai dai zama ma yana lalata babur, kamar yadda amsa ta gaba ta nuna.

Sabo yana da nasa: garanti, birkin ABS mai hana taya kullewa, da sanin cewa babu wanda ya taɓa wayoyinsa. In kuɗinka ya isa sabon Rebel ko Eliminator ba tare da ka taɓa kuɗin hular kwano da inshora ba, babu laifi.

Me zan duba a babur na hannu?

Ka roƙi mai shi kada ya tayar da injin kafin ka iso, ka kuma taɓa shi ka tabbatar da sanyi yake. Inji mai ɗumi yana ɓoye wahalar tashi da ƙarar da ba ta dace ba. Ka dubi ƙarshen hannuwa, kan hannun birki da na kuloci, gefen madubi da ƙasan salansa. Nan ne faɗuwa ke barin sa hannu. Ƙarzuwa ƙarama ta kwanciya a tsaye ba komai ba ce, doguwar ƙarzuwa da ta ja a kan titi wata magana ce. Ka leƙa cikin tanki da tocila don tsatsa. Ka shafa sandunan gaba ka ga ko mai yana tsattsafowa. Ka juya kan babur dama da hagu a hankali, in yana maƙalewa a tsakiya, to boris ɗin wuya ya ci.

Taya tana iya zama da zanenta cif amma ta bushe. A gefenta akwai lamba huɗu a ƙarshen rubutun da ya fara da DOT: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 2319, an yi ta a mako na 23 na 2019. Wadda ta haura shekara biyar ko shida, ka sa canjinta cikin ciniki. Man birki ana canza shi duk shekara biyu, in ya yi baƙi ka san an yi sakaci da sauran abubuwa ma. Babur mai kafireta da ya daɗe a ajiye, fetur kan bushe a cikinta ya toshe ƙananan hanyoyi. Alamarsa ita ce inji ya riƙa mutuwa sai an ja masa cok.

Ka gwada lambar jikin babur da wadda ke takarda, harafi da harafi. Ka yi hattara da wanda aka yi wa kwaskwarima da yawa, an yanke bayansa, an canza hannuwa, an ƙara fitilu. Masu kuruza suna son wannan, amma wayar da aka haɗa a gida ita ce ke kashe babur da dare a inda babu kowa. In ba ka da ido a kan inji, ka tafi da bakanike.

ABS dole ne?

In da hali, kada ka sayi wanda ba shi da shi. Aikinsa shi ne ya hana taya kullewa in ka matse birki da firgita, kuma matse birki da firgita shi ne ainihin halin sabon mahayi ranar da mota ta fito masa ba zato. Tayar gaba in ta kulle, faɗuwa ce nan take. Tarayyar Turai ta wajabta shi a sababbin babura da suka haura cc 125 daga 2016 zuwa 2017, Indiya ta bi baya a 2019. Tsofaffin kuruza da dama ba su da shi, wasu ma birkin bayansu na ganga ne.

In wanda ya kwanta maka ba shi da ABS, sai ka biya da atisaye. Saboda tsawon jikin kuruza da nauyin da ke baya, birkin bayansa yana aiki fiye da na babur ɗin tsere, amma har yanzu na gaba ne ke ɗaukar mafi yawan aikin tsayawa. Wanda ya saba da taka na baya kaɗai yana tara wa kansa wahala.

Sarƙa, bel, ko shaf: wanne ya fi?

Sarƙa ita ce a Rebel, Vulcan S da Royal Enfield. Tana son wanki da mai bayan kowane 'yan ɗaruruwan kilomita, da ɗaurewa in ta saki, kowane bakanike kuma ya san ta. Bel shi ne a Harley, Indian, Bolt da Vulcan 900: ba ya son mai, ba ya ƙara, yana daɗewa ƙwarai, amma tsakuwa in ta shiga tsakaninsa da haƙora tana iya huda shi, kuma canza shi aiki ne babba. Shaf, sandar ƙarfe da ke juyawa a rufe, shi ne a XVS650, C50 da yawancin Shadow 750 na baya-bayan nan. Canjin mai kawai yake so jefi-jefi, sai dai yana ƙara nauyi. Mai bin hanyar tsakuwa ya guji bel. Ban da wannan, kada wannan tambaya ta raba ka da babur da ya dace da jikinka.

Inji mai sanyin iska zai dame ni?

A buɗaɗɗiyar hanya, a'a. A cunkoso ranar zafi, e. Injin V silindarsa ta baya tana tsakanin cinyoyinka, iska kuma ba ta kai mata kamar ta gaba, don haka in an daɗe a tsaye zafin kan gasa ƙafa. Mai sanyin ruwa yana da lagireto da fanka, ya fi jure tsayuwa, yakan kuma fi ƙarfi a girma ɗaya, amma akwai ruwa da tiyo da za a kula da su. Mai shiga cikin gari kullum ya fi samun sauƙi da na ruwa.

Na ji ana cewa kuruza ba ya shan kwana. Gaskiya ne?

Yana sha, amma yana da iyaka da ke zuwa da wuri. Saboda yana ƙasa, matakan ƙafa kan taɓa titi tun bai kwanta sosai ba. Wasu manyan ba sa kai digiri 30. Ranar farko da ka ji ƙarfe yana ƙarzar kwalta, gabanka zai faɗi. Matakan an yi su ne su naɗe, don haka wannan gargaɗi ne kawai. Haɗarin yana cikin abin da za ka yi bayan ƙarar: in ka firgita ka miƙar da babur ko ka damƙi birki, zai buɗe ya nufi ɗaya hannun. In kuma ka ƙara kwantar da shi har salansa ko firam suka taɓa, taya na iya ɗagawa.

Maganin shi ne a gama rage gudu kafin a shiga kwana, a kai ido inda hanya ta fita, a ɗan tura hannun da ke gefen da za a juya, sannan a riƙe totur daidai har a fito. Karkatar da kafaɗa zuwa cikin kwana yana rage yawan kwanciyar da babur ke buƙata. Kuma kada ka sa a ƙara sauke maka babur don ado, abin da ya rage maka na sarari kake yankewa.

Ta yaya zan gwada babur kafin in saya?

Zuwa da kai ya fi aike. Ka hau, ka ɗauke shi daga jak ka ji nauyinsa, ka karkata shi kaɗan dama da hagu. Ka juya kan har ƙarshe kowane gefe. In hannunka na waje ya miƙe tas har kana zamewa daga sirdi, hannuwan sun yi maka nisa. Ka ɗora ƙafa a mataki ka ga ko kana taka birki da canza giya gwiwa tana ɗan lanƙwashe. Ka matse kuloci sau ashirin a jere. Ka sauka ka tura shi gaba da baya. Sannan ka koma ka zauna minti goma, don minti ɗaya kowane sirdi daɗi gare shi.

In an ba ka damar fita da shi, kada ka tafi neman gudu. Ka nemi wurin da za ka tsaya ka tashi sau da yawa, ka juyo baya, ka bi hanya mai gargada. Ka tambayi wanda zai ɗauki asara in wani abu ya faru kafin ka karɓi makulli.

Zan iya yin goyo da doguwar tafiya da shi?

Goyo ka jinkirta shi sai hannunka ya faɗa, wasu ƙasashen ma sun hana sabon mai lasin yin sa na wani lokaci. Mutum na biyu yana ƙara tsawon birki, yana danne baya, yana kuma sa matakai su taɓa ƙasa da wuri. Kuruza da yawa sirdin bayansu ɗan ƙarami ne, wasu ba su zo da shi ba sam. In goyo yana cikin shirinka, ka nemi mai faffaɗan sirdi da majingini, irin C50 ko Super Meteor.

A doguwar tafiya abu biyu ne ke gajiyarwa. Zaman kuruza yana buɗe ƙirji ga iska, sama da gudun kilomita 100 sai ka ji kana rataye da hannuwa; gilashin gaba yana magance wannan. Na biyu, da yake ƙafafu suna gaba, ba ka iya ɗaga jiki in ka hango rami, duk bugun a ƙashin baya yake sauka. Ka dubi tanki ma: Rebel 500 lita 11 da ɗoriya, Vulcan S lita 14, Harley Forty-Eight kuwa bai cika lita 8 ba.

In ya faɗi, yaya zan ɗaga shi ni kaɗai?

Ka kashe inji, ka duba jikinka, ka huta kaɗan. Babur ba ya zuwa ko'ina. Ka sa shi a giya don kada ya gangara. In ta dama ya kwanta, ka fara buɗe jak, don kada ka ɗaga shi ya wuce ta ɗaya gefen. Ka juya masa baya, ka jingina ƙugunka da gefen sirdi, hannu ɗaya a kan hannun babur da ke ƙasa, ɗaya a wani ƙarfe mai ƙwari a baya, ka durƙusa, sannan ka riƙa turawa da ƙafafu kana ja da baya da ƙananan taku. Ƙafa ke ɗagawa, ba gadon baya ba. Ka yi hankali da salansa mai zafi. Ƙarfen kariya da ake ɗaurawa a gefen inji yana tsare tanki, yana kuma hana babur kwanciya shame-shame, don haka shi ne abu na farko da ya kamata ka ƙara masa, kafin kowane ado.

Ban da kuɗin babur, me zan tanadar wa kuɗi?

Kayan jiki tukuna. Hular kwano mai rufe fuska duka, mai shaidar inganci ta ECE 22.06 ko DOT. Masu kuruza suna son buɗaɗɗiyar hula don ta dace da salon, amma haɓa tana cikin wuraren da suka fi bugun ƙasa a faɗuwa. Sai riga da wando masu kariya a kafaɗa, gwiwar hannu da gwiwa, safar hannu, da takalmi mai rufe idon sawu wanda tafinsa ba ya santsi, tunda da shi za ka tare kilo 200 da wani abu a kowace tsayawa. Ka nemi farashin inshora kafin ka biya kuɗin babur, ba bayan ba, don sabon mai lasin da babban inji haɗi ne da masu inshora ke tsawwalawa. Ka kuma tambaya ko ana samun kayan gyaran wannan samfurin a inda kake.

Salansa mai ƙara ta jira. Tana iya saɓa wa dokar ƙara, tana iya ɓata garanti, sau da yawa kuma sai an sake daidaita man da inji ke sha. Kuɗinta ya fi amfani a kwas na ƙarin horo da babur ɗinka na kanka.

Na saya. Me zan yi a makonnin farko?

Ka nemi fili shimfiɗaɗɗe da babu motoci. Ka koyi inda kulocin wannan babur yake kamawa, don ba daidai yake da na koyo ba. Ka yi tafiyar hawainiya kana riƙe da kuloci rabi, totur kaɗan, ƙafa tana ɗan danna birkin baya, yatsu kuma nesa da birkin gaba. Daga nan ka shiga zagaye, da juyowa baya, kanka a juye kana kallon inda za ka. Sai atisayen tsayawar gaggawa, ka fara daga gudun kilomita 30 kana ƙarawa. In akwai ABS, ka matse har ka ji bugunsa a hannu, don kada ya zo maka baƙo ranar buƙata. Sabuwar taya tana da santsi a kilomita 150 na farko, ka bi ta a hankali. Fita cikin ayarin mahaya kuma ka ɗaga ta zuwa gaba, saboda sabo a cikin ayari yakan bi gudun na gabansa ya shiga kwanar da ba tasa ba.